Tuffar Kawu da Magaryar Kaka

Wata uku kacal kawuna ya yi yana aiki a Jos, ya dawo Ƙaura da rigar sanyi, da 'yar bishiya a leda, da raini cikin buhu. Tun daga tasha yake fifita, wai ya manta haka garinmu yake da zafi. Mutumin da aka binne cibiyarsa a Zurmi!

Bishiyar ba ta kai muciya tsawo ba, ganyenta kuwa ko akuya mai azumi ba za ta yi buɗa baki da shi ba.

"Inna, wannan ita ce tuffa," ya ce wa kakarmu.

"Tuhwa? To ina wuyan rigar?" in ji Kaka, don a bakinta tuhwa ita ce tufar sawa.

Bai yi dariya ba. Ya dasa ta kusa da magaryar tsakar gidanmu, ya aro gatari ya jingine, ya ce ranar da tuffa ta kama ƙasa zai sare wannan itacen ƙauye mai ƙaya, ya jera 'yan'uwanta a wurin. Magaryar da ta raine mu! Rabin haƙoran gidanmu a kan ƙwallonta suka fita.

Kaka ta ce, "In ka sare ta, da mi za a wanke ni?" Don da ganyen magarya ake wankan gawa, kuma duk unguwa gidanmu ake aikowa in an yi rasuwa.

"Sabulu ya ƙare a duniya ne, Inna?"

Daga nan muka koma bayin tuffa. Mu mu sha ruwan rijiya, ita ta sha na leda. Da bazara ta shigo, Kawu ya riƙa sayo ƙanƙara yana jera mata a gindi, mu muna kallo da busasshen maƙogwaro. Ni ya naɗa mai jinya, ina yi mata fifita kamar matar gwamna. Da ganyen ya soma naɗewa, sai ya jiƙa tsohuwar rigarsa ya lulluɓa mata.

"Ashe da gaskiyata," in ji Kaka. "Ga tuhwa ta sa tuhwa."

Allah shaida ban taɓa ta da mugun nufi ba. Ranar Ƙaura ba ta neman ɗan aiki. Kafin ruwan fari ya sauka, gimbiyar Jos ta zama tsinken tsire. Kawu ya zargi ƙasa, ya zargi ruwan leda, ya zargi bakin maƙwabta.

Kaka ta sa ni na tsinko ganyen magarya cikin ƙwarya, ta miƙa masa a gaban kowa.

"Amshi, ɗan nan. Baƙuwa ce, a hannunmu ta cika. Yi mata wanka yadda ya kamata."

Ni aka aika mayar da gatari, da gudu kuwa na tafi. Yanzu a inuwar magaryar Kawu yake shimfiɗa tabarma, yana tofar da ƙwallo yana ba mu labarin sanyin Jos.