Tasar Kaka da Bulala Goma Sha Biyu

Ranar wata Asabar da damina, ina aji huɗu na firamare, aka yi sunan ƙanina a gidanmu da ke Shehuri. Tun da hantsi tsakar gida ya cika da mata da ƙamshin turaren wuta, ni kuwa ina ta zirga-zirga da kofuna ina raba ardeb, ruwan tsamiyar nan da ba a taro a Maiduguri sai da shi. Kafin azahar taro ya watse. Wannan ta riƙe ciki, waccan tana amai a gindin darbejiya, layin banɗakinmu kuwa na rantse ya kusa kai garin Khaddamari. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, wadda ko gobara ba ta sa ta sauri, ranar har tsallake kwata ta yi.

Ba a yi bincike ba, ba a tambayi kowa ba. Duk idanu suka juyo kaina. Na yarda ina da tarihi, don na taɓa zuba wa Kawu ganyen filasko a shayi, ya wuni yana sintiri da buta. Amma wannan karon ko kusa ban yi komai ba. Na rantse, na yi kuka, na yi birgima. Gwaggo ta ce, "Mai hali ba ya fasa halinsa." Baba ya ɗauko bulala ya ƙirga mini goma sha biyu. Aka hana ni shiga kicin, aka hana ni wasan gaɗa a dandali, yaran unguwa suka laƙaba mini Mai Filasko, har Kaka ma ta kama kirana da shi. Ko ruwa na miƙa wa baƙo sai ya sunsuna.

Bayan mako biyu Yaya Aisa, 'yar wan babana mai karatun jinya, ta zo daga unguwar Mairi. Ita kaɗai ta yi tambayar da ta dace: a cikin me aka jiƙa tsamiyar? Ashe da kuloli suka cika, Gwaggo ce ta juye ragowar jiƙon a tsohuwar tasar jan ƙarfe ta Kaka, wadda aka zo da ita daga Kano, ta bar shi ya kwana. Da aka ɗauko tasar, gindinta ya yi kore shar kamar gansakuka. Yaya Aisa ta bayyana cewa jiki yana buƙatar jan ƙarfe ɗan mitsitsi don jini da ƙashi, kuma ana samunsa a hanta da wake da gyaɗa. Amma abu mai tsami idan ya daɗe a irin wannan tasa, yakan narkar da ƙarfen ya shiga abin sha, ya kawo amai da murɗawar ciki, in ya yi yawa har ya taɓa hanta.

Na gyara zama ina jiran a ba ni haƙuri. Kaka ta fizge tasarta ta ce, "Shekara sittin ina zuba goro a ciki, wa ta taɓa kashewa?" Gwaggo ta tuna ta bar tuwo a wuta. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "To, ki ɗauka na shayin Kawunki ne." Wato an yi mini duka bisa kuskure, sannan aka nemo masa laifin da ya dace!

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, ardeb ɗinmu a kula ake jiƙa shi, kuma har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Bara Kaka ta rasu. Da ake raba kayanta, aka tarar ta bar wasiyya cewa tasar nan a ba Mai Filasko. Na goge ta da toka har tana ɗaukar ido, na ajiye a gefen gadona. Haushin yana nan, amma da za ta dawo ta sake kirana da sunan nan, da gudu zan amsa.