Ban Ruwan Tsakuwa a Taba

Jikata Jamila, wadda ke aiki da masu haƙar ma'adinai, ta zo hutu tana ta cika min kunne, wai yanzu kwamfuta ce ke faɗin kowane tarin dutse daga wane rami ya fito, kuma na wane ne. Na ce mata zauna nan, mu a zamaninmu Paulina ce ke wannan aiki, kuma ko an ɗauke wuta tana yi.

Paulina 'yar kudancin Kaduna ce. Mijinta Elias yana aiki a masaƙa aka sallame su zamanin soja, lokacin da ko sabulu sai an yi layi. Suka tattaro suka zo Taba, shi ya kama noma, ita ta ɗauki guduma ta shigo cikinmu, muka zama mu goma sha ɗaya masu fasa dutse a bakin hanyar Kudan. Gajeriya ce, ga murya, in ta fara dariya sai ta zauna a ƙasa. Maman Markus muke ce mata.

Kafin ta zo kullum cikin faɗa muke. Tarin wannan ya gangaro ya shiga na waccan, tifa ta zo a rasa ta wa aka kwasa. Ni kaina na taɓa yaga wa wata zane, kuma har yau ina kan gaskiyata. Paulina ta ce kowa ta zaɓi shaida, duk kwanon da ta juye ta watsa kaɗan a ciki. Na ɗauki gawayi, ita tsingaron tukunya, wata sakaina, wata ƙwallon aduwa. Ramin da dutse ya fito kuwa, da ido take gane shi: na ƙasa baƙi ne mai nauyi, na tudu ja-ja ne mai saurin marmashewa. Magini ba ya iya yi mata wayo.

Inna Sakinatu, babbarmu duka, ita ta ce 'ya'yan kabewa ne shaidarta.

"Inna, kaji fa," in ji Paulina.

"Su nake da su, Maman Markus. Kajin ma ai bayin Allah ne."

Muka yi dariya muka ƙyale ta. Ita tsakuwarta ba ta sayarwa ba ce. Ɗakinta ya faɗi a daminar da ta gabata, ruwa ya cinye gindinsa, tun lokacin a zauren maƙwabta take raɓewa. Surukinta ya samo mata siminti buhu biyu da ƙyar, magini ya ce in ta tara tsakuwa zai zuba mata gindi mai ƙarfi kafin ruwa. In damina ta sauka ba a yi ba, simintin ya daskare a banza. Wata huɗu tana fasawa da hannun nan nata mai rawa.

Ranar wata Asabar ta tsaftar gari, wani hafsa ya wuce a mota ya ce tarin bakin hanya ƙazanta ce. Kafin azahar katafila ta zo ta ture komai, da ƙasa da ciyawa, ta haɗa mana tsauni guda a bayan kwalbati. Direban har da ɗaga mana hannu.

Kwana biyu muna tono kamar kaji. "Ga gawayina." "Ke, sauka daga kan aduwata." Paulina na can bisa ƙololuwa, zane ɗaure a ƙugu, tana nuna iyaka da sanda tana ba da umarni kamar ita ce hafsan. Katafila ba ta cakuɗa sosai ba, turewa ta yi, don haka kowa ta samu ɓangarenta. Saura wani babban yanki da babu shaidar kowa. Inna Sakinatu ta tona, ta tona, ko ƙwaya ɗaya ba ta gani ba. Na sama kaji sun tsince tuntuni, na ciki kuwa ƙasa ta rufe su.

Doka kuma ta Paulina ce da kanta: tsakuwar da ba shaida, a raba wa kowa. To, ni ce na fara tuna mata. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta riga ta ɗora kwano. Na ce, "Maman Markus, doka doka ce, in aka karya yau gobe kowa sai ta ce nata ne." Inna Sakinatu ta zauna kan dutse tana kallon tafin hannunta.

Sai Paulina ta fashe da dariya har ta zame daga kan tarin.

"Ummulhairi, ba za a karya ba. Ku ɗebo ruwa."

"Ruwan me?"

"Ban ruwa za mu yi."

Jama'a, haka matan aure goma, da tsohuwa ɗaya, muka yi ta jigila daga rafi muna shayar da duwatsu safe da yamma. Garin nan ya samu abin kallo. Masu keke su tsaya su ce, "Sannunku da noma, yaushe girbi?" Tukur mai tifa ya kashe mota ya ce a ajiye masa iri. Elias ya zo ya kalli matarsa, ya girgiza kai ya koma gona. Mu ma da muke yi dariya ta hana mu riƙe tulu, rabin ruwan a jikinmu yake ƙarewa.

Rana ta shida da safe muka iske yankin nan ya yi kore. Kabewa ce ta tsiro, kunnuwa bibbiyu, daga gindin kwalbati har ƙololuwa, ta tsaya cak inda gawayina ya fara. Paulina ta yi guɗa, 'yar coci da ita, ta fi mu iyawa, ta kama Inna Sakinatu suna juyi. Tukur ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya kai wa Inna Sakinatu tsakuwar har ƙofar gida bai karɓi komai ba.

Paulina ta yi shekara ashirin tana raba mana gardama kafin gwiwa ta zaunar da ita. An binne ta a Taba, kuma rabin masu kuka a cocin nan da lulluɓi muka je.

Ɗakin Inna Sakinatu kuwa an yi masa rufi saura kwana tara ruwa ya sauka. Ruwan farko da la'asar ya kama ni a hanya, na faɗa ɗakin da ya fi kusa, ashe nata ne. Kunya ta rufe ni, na tsaya a bakin ƙofa ina ɗiga. Ta shimfiɗa min tabarma a kan busasshen daɓe, ta ce, "Shigo ciki, Ummulhairi. Na ji abin da kika ce ranar, amma na ga ke kika fi kowa ɗebo ruwa." Na zauna na yi ta kuka har ruwa ya ɗauke.