Kaka da Masu Bincike

Wata ranar kasuwar Warra, shekarar da na shiga aji huɗu, ni da ƙannena muna juya kifi a kan banda, hayaƙi na cin idanunmu, sai wani ya rugo yana cewa masu bincike sun iso. Kan ka ce kwabo unguwa ta hargitse. A wurinmu bincike abu ɗaya ne: ma'aikata su zo su kwashe taru mai ƙananan ido su ƙone. Baba ya cusa nasa cikin rumbu, Inna ta jibga dammunan gero a kai.

Ashe wani malamin jami'a ne da ɗalibarsa, kuma ba ruwansu da taru. Yarenmu na Gunganci suka zo ɗauka a rikoda, musamman waƙoƙin gungunan da tafkin madatsar ruwa ya haɗiye, wato tsibiran da aka taso iyayenmu daga kansu. Aka nuna musu kakata, don duk garin ba mai su a ka kamarta.

Kaka ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama fura, amma baki ta ɗinke shi tsaf. Baiwar Allah ɗalibar nan ta yi ta zarya, ta taya mu feɗe kifi, ta ɗebo ruwa, har daka ta karɓa hannunta ya yi kanta. Ranar da za su koma ne Kaka ta dube ta.

"Ɗiyata, ba ƙinki nake ba. Na farko da sunka zo da tambaya, komi mun gaya musu, har kabarin uwata mun nuna. Suna tafiya ruwa ya zo."

Haka rikodar ta koma fanko. Damina na kamawa Kaka ta rasu. Mu kuwa da muke jin waƙoƙin kullum a gindin turmi ba mu riƙe ba, don a makaranta abin tsokana ne a ji ka da Gunganci.

Bara ɗiyata, wadda ke jami'a yanzu, ta zo nata binciken. Ba wanda ya ɓoye taru. Ta kunna waya ta ce, "Inna, rera min ko baiti ɗaya." Karin ya zo mini sarai, kalmomin suka ƙi. Wallahi kuka na yi. Gunjin karin da na yi kawai ta ɗauka ta tafi da shi.

Kaka tana da su ta hana, ni ina son bayarwa babu.