Ƙwallon Aduwa a Aljihun Hagu

A Nguru na koyi aikin gashin ƙashi, farkon shekarun tamanin, a hannun wata tsohuwar sista mai ƙarancin magana. Masu shanyewar ɓarin jiki muke koya wa motsi. Ƙa'ida ɗaya ta fi nanata mini: abin da majiyyaci zai iya yi da kansa, ko da ƙyar ne, kada ka yi masa. Ni kuwa a gidanmu, in dattijo ya sunkuya zai ɗauki buta ka tsaya kana kallo, sai ka sha mari. Tun makon farko ta gane da wa take tare.

Ranar da aka mayar da ni Gashua, inda babu mai duba aikina, ta ba ni ƙwallon aduwa goma. Ta ce, "Zuba su a aljihun dama. Duk sanda hannunka ya riga na majiyyaci, mayar da ɗaya aljihun hagu. In ka tashi aiki ka ƙirga. Ba ni za ka nuna wa ba." Na karɓa ina dariya a ciki. Ni da takardar shaida, a ce in riƙa yawo da aduwa kamar akuya!

Da matasa abin bai ba ni wahala ba. Ina iya harɗe hannu in kalli saurayi yana fama da maɓallin riga har ya gama. Sai aka kawo wani dattijo masunci daga Dagona, ɓarin damansa ya shanye. Ƙafa ta fara dawowa, hannu ya ƙi. Ya rame ƙwarai, na tambayi babban ɗansa dalili. Ya ce tun da ciwon ya same shi bai ƙara cin abinci a zaure ba. Ba zai sa hagu a kwanon jama'a ba, a ɗaki yake ci shi kaɗai, shi ma kaɗan.

Dattijon da kansa ya ce mini, "Likita, ni na haƙura da ruwa, yara sa yi su. In dai ci tuwo da mutane."

Na so mutumin nan. Ni nake cire masa takalmi. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, kafin ya kai na tura masa shi kusa, na naɗe masa yatsu a jiki. Da yamma in laluba aljihun hagu in ji ƙwallo ɗaya, wani lokaci biyu, in ce madalla. Gaskiyar magana, ha'inci nake yi. Duk taimakon da na yi masa sai in sa masa suna ladabi, in ce wannan ba ya cikin ƙirga. Makonni suka wuce, hannun yana nan jiya-i-yau, yatsu sai ƙara ƙanƙamewa suke yi.

Ɗan nasa ne ya tona ni, bai ma sani ba. Wata safiya ya ce da ni cikin jin daɗi, "Likita, a gida ma ba ma barin Baba ya wahala. Yadda muka ga kana yi masa, haka muke yi." Ranar na ƙirga tsakani da Allah, kuma kafin mu kai rabin aikin aljihun dama ya zama wayam.

Washegari na sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na ajiye kwanon a gaban dattijon, na zauna a kan tafin hannuna biyu, don ban yarda da su ba. Ya gutsura da dama, lomar ta faɗi a tabarma. Ya sake, ta faɗi a cinyarsa. Ɗan ya zabura, na ce ya zauna.

Ya ce, "Haba likita! Da mahaifinka ne za ka zuba masa ido haka?"

Maganar ta soke ni. Gumi na zuba daga goshin dattijon, miya ta ɓata masa riga. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma ban motsa ba. A karo na biyar lomar ta kai baki. Ya tauna a hankali, bai kalli kowa ba.

Bayan ruwan damina ya ja da baya aka aiko in je Dagona. Na tarar da dattijon a zaure cikin ƙannensa da 'ya'yansa, kwano ɗaya a tsakiya. Da dama yake ci, da yatsu uku. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe cikin tafi, ba su ƙara buɗewa ba. Ya ga inda idona yake, sai ya ɗaga hannun.

"Ukun nan nawa ne, likita. Biyun nan naka ne, su ka lallaɓa."

Zaure ya ɗauki dariya, ni ma na yi. Ko da ban lallaɓa su ba, wataƙila da haka za su tsaya. Na sha gaya wa kaina hakan a hanyar komawa Gashua. Amma da na isa gida na ciro ƙwallo biyu na zuba a aljihun hagu, kuma har na bar aiki da takwas nake fara kowace safiya.