Zaren da Sunmaya ta zura

A kasuwar garin Baglung kowa ya san Tikaram tela, amma ba wanda ya san shekara bakwai ke nan bai ga kafar allura ba. Yanar ido ce ta rufe masa gani a hankali. Awo da yanka duk a hannunsa suke, ƙafarsa kuwa ta san takun keken ɗinkin nan baƙi tun yana saurayi. Zura zare kaɗai ya gagare shi, shi ma matarsa Sunmaya ta rufa masa asiri.

Kullum da safe sai ta shigo shago da kofin shayi, ta ture shi da kafaɗa.

"Matsa can, tsoho. Ido kamar na kifi, sai girman kai."

"Ke da kika ga da kyau, me ya sa kika aure ni?"

"A lokacin nawa idon ne da ciwo."

Sai ta ɗora kwarkwaro, ta bi da zaren tsakanin faifan nan biyu masu matse shi, ta rataya shi a hannun da ke hawa da sauka, ta lashi bakinsa ta soka a allura daga hagu zuwa dama. Ta fita tana mita.

Ciwon ƙirji ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. Bayan kwana goma sha uku na zaman makoki Tikaram ya buɗe shago, ya laluba keken, ya ji zarenta na ƙarshe yana nan cikin allura. Ya daɗe yana kuka. Daga ranar ya koma wa wata dabarar tsoffin teloli: in zai canza zare, sai ya yanke a gindin kwarkwaro, ya ɗaura sabo a wutsiyar tsohon da ɗan ƙulli siriri, ya ja a hankali har ƙullin ya ratsa allura. Ya sayi allura mai faɗin kafa ne tun da can, ya kuma daina karɓar yadi mai kauri don kada ta karye. Ko zaren ya tsinke, a ƙasan allura yake tsinkewa, don ba ya taka keken da sauri. Mutane suka ce tsufa ne. Wata takwas ya yi haka, bai gaya wa kowa ba, kuma ni a ganina nan ya yi wauta.

Ƙarshen damina ya kawo ranar Bishwakarma, ranar da kowane mai sana'a ke wanke kayan aikinsa, ya yi musu ado, ya bar su su huta. Direbobi sun rataya wa motoci furanni, maƙera sun jera guduma. Da, Sunmaya ce ke yi wa keken. Bana surukarsa Debaki, matar ɗansa, ta ce ba za a ce gidan ya mutu don uwar gida ta mutu ba. Tikaram na wurin wanka ta shiga shagon. Ta cire bel, ta kwance ƙoshiya, ta goge ƙurar wata takwas, ta ɗiga mai, ta shafa wa keken jan gari a goshi, ta ɗaura masa ƙyalle ja da fari. Aiki ta yi tsakani da Allah, ba wanda zai ce ta rage wani abu.

"Baba, zo ka taɓa ka ji. Ya koma amarya."

Ya taɓa ƙyallen, ya yi murmushi. Yatsansa ya gangara zuwa allura, ya tsaya.

"Ina zaren?"

"Na zare shi mana. Wa ke yi wa keke ado da tsohon zare? Gobe in sa maka sabo."

Ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba. A nan ya faɗa musu komai, har da batun idon. Ɗansa Lokendra, wanda kullum yake da amsa ko ba a tambaye shi ba, ya ce, "Haba Baba, ai ba zarenta ba ne. Ka canza shi ya fi sau ɗari."

"Na sani. Amma daga hannunta zuwa jiya ba a raba shi ba."

Debaki ta toshe baki da gyale. Tikaram ya miƙe, ya bi bango zuwa bayan gida inda ake zuba shara. Ya durƙusa cikin ɓawon dankali da tokar murhu yana lalube, har ya damƙo dunƙulen zarurrukan da ta share daga ƙarƙashin keken, fari da baƙi da kore duk a cukurkuɗe. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"'Yar nan, ke da kike gani. Wanne ne a ciki?"

Ta karɓa, ta juya su, ta sake juyawa. Ƙarya ɗaya za ta wadatar da shi, ta kuma san haka, amma ba a yin ƙarya a irin wannan ranar.

"Baba," ta ce, "ban duba ba."