Haram Ɗin da Na Je Gani

Mun tashi da asuba daga Sih, unguwarmu a Madina, ni da maigidana, muka hau bas ɗin Jidda. Shekara ashirin ina wankan gawar mata a unguwarmu, kuma na san in aka ji kabarin Fir'aunoni zan je kallo, wasu ba za su sake kira na ba. Shi ya sa da maƙwabta suka tambaya na ce, "Haram za ni." Ban yi ƙarya ba fa! Da Larabci dalar Masar sunanta haram, sai dai Balarabe yana bambanta ta da Haramin Makka a maƙogwaro. Mu Hausawa ha ɗaya gare mu. Suka yi ta ba ni saƙon addu'a, na ce to.

Daga Jidda jirgin ruwa muka shiga zuwa Suwais ta ƙasar Masar, kwana biyu. Maigida, mai cika bakin ya saba da teku, bai iya ɗaga kai daga filo ba sai da muka ga tudu. Alƙahira kuwa hayaniya, ya salam! Direba hannunsa ɗaya a kan hon, ɗaya a waje yana faɗa. Amma wakensu da burodi da arha, mun ci mun ƙoshi.

Muka isa gaban dalar. Dutse ɗaya ya kusa kai ni tsawo, ga su jere har sama, wai duk saboda gawar mutum ɗaya. Muka shiga a sunkuye ta wata siririyar hanya, gwiwa na ƙara, zufa na zuba. Can ciki ɗaki ne da akwatin dutse, wayam. Jagoranmu ya ce Misirawan dā sun yi imani rai zai dawo neman jikinsa, in bai gane shi ba ya ɓata ke nan. Don haka suke busar da gawa da gishiri, su naɗe ta, aikin kwana saba'in, su ajiye mata abinci har da jirgin ruwa. Wai kuma a lahira za a auna zuciyar mutum da gashin tsuntsu ɗaya. Na ce a raina, mu da muke hanzarin kai mamaci maƙabartar Baƙi'a kafin sallar gaba!

Washegari a gidan tarihi ne abin ya kama ni. Na tsaya kan wata gawa na ga an naɗe kowane ɗan yatsa shi kaɗai, lafiyayyen naɗi, ba inda ya karkace. Na san wannan hannun. Wanda ya yi shi bai yi gaggawa ba, kuma bai ji ƙyama ba. Imaninsu ɓata ne, ban musa ba, amma wallahi abokin sana'ata ne. Sai ga wasu gawawwakin an buɗe fuskokinsu, 'yan kallo na leƙe suna dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har maigida ya ja ni waje don na fara faɗa da Hausa.

Da muka dawo Madina mata suka cika falo suna jiran ruwan Zamzam. Na gaji da ɓoye-ɓoye, na faɗa musu komai, har maganar naɗin. Babbar unguwarmu, wadda kowa ke kira Yaya, ta miƙe.

"Haram ɗin ke nan? To haram kika je! Halas, shi ke nan, hannun da ya shafa kabarin Fir'auna ba zai ƙara taɓa gawarmu ba."

Aka yi rasuwa biyu ba a kira ni ba. Ya yi mini ciwo, amma ban ba kowa haƙuri ba. Tafiyar ta koya mini cewa sarki ya tara dutse har sama bai samu sutura ba, abin da ya rage masa kawai aikin wanda ya naɗe shi.

Makon jiya aminiyata ta rasu, wadda muka yi shekara talatin muna cin abinci a kwano ɗaya. Ban jira kira ba. Na ɗauki magarya da kafur na tafi. Yaya ta tare ƙofar ɗakin.

Na ce, "Yaya, ina ganin girmanki. Amma ko ki matsa, ko ki shiga ki wanke ta da hannunki."

Ta dube ni. Sannan ta matsa.