Hancin Inna Lami

A Kademi, da ruwan Agusta ya kankama, babu abin da mata ke tsoro kamar sallamar Inna Lami. Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, na san abin da nake faɗa. Kafin ki gama amsa gaisuwa ta ɗaga hanci, ta ja iska sau biyu, ta ce, "Ƙarƙashin katifarki, 'yar nan." Ki ɗaga, ga fumfuna nan kore shar.

Daga nan kin shiga uku. Katifa waje, tabarma kan katanga, a buɗe taga, a janye akwati daga jikin bango, a goge da ruwan omo. Ta taɓa shanya takalman mijinta Gwadabe a kan rufin ɗaki ranar Juma'a, bawan Allah da silifas ɗinta ya tafi masallaci. Muna tsegumi, amma wallahi muna son ta, don ko zane ɗaya bai ƙara ruɓe mana ba.

Bana mura ta kwantar da ita, hanci ya toshe. Naja'atu, matar ɗanta, ta kai mata kunu, sai ga ta a gidana a guje, tana dariya tana hawaye.

"Yaya, ɗakin Inna wari yake! Ga matan unguwa za su zo duba ta bayan la'asar."

Na dafe ƙirji. Matan da ita ta koya wa shinshina! Suna shiga, sunan Inna ya gama yawo har kasuwar Gaya. Kuma ina Naja'atu ta ga bakin gaya wa suruka ɗakinta na wari? Ni kam na ce ba ruwana, ina son raina. Amma na bi ta.

Naja'atu ta durƙusa a bakin ƙofar Inna. "Inna, ɗan kunnena ne ya faɗa bayan sif ɗinki."

Muka ja sif. Bango baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama.

Inna ta dubi bango, ta daɗe. Sannan ta juyo ta dubi kunnuwan yarinyar, 'yan kunne biyu cif suna lilo. Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Ja'ira, ko ƙarya ba ki iya ba. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini. Maza ɗauko bokiti."